Ciwon Dajin Kogon Hanci: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

A cikin ƙasusuwan fuskar ɗan Adam akwai wasu ramuka masu iska waɗanda ke buɗewa zuwa cikin hanci, kuma kashi huɗu ne, kowane kashi dama da hagu: na cikin kumatu, na tsakanin idanu, na goshi, da kuma na can ciki bayan hanci. Su ne ake kira kogon hanci. Ciwon daji kan tsiro daga fatar da ta lulluɓe cikinsu, kuma ya fi kama kogon kumatu, yayin da da wuya a same shi a na goshi ko na can ciki. Ba ciwo ba ne mai yawa, domin bai kai kashi 1 cikin 100 na dukkan cututtukan daji ba, kuma ya fi samun maza, musamman waɗanda suka haura shekara 50. Abin da ya sa yake da haɗari shi ne yana da filin da zai yi ta girma a ɓoye, ta yadda sau da yawa ba a farga ba sai ya cika kogon ya fara cin ƙashi.

Mataki na farko shi ne mutum ya lura da ɓangaren da ke damunsa. Mura da sanyi sukan toshe ƙofofin hanci biyu ne, ko su riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan, sannan su wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Amma idan ƙofa ɗaya tak ce ta toshe, ta ƙi buɗewa har makonni suka shuɗe duk da shan magani da sirace, ga majina mai haɗe da jini ko haɓo da ke yawan dawowa ta wannan ɓangaren, to lokacin komawa kemis ya wuce. Sauran alamun sun danganta da inda ƙarin, wato tsiron dajin, ya nufa. Idan ya gangara ƙasa, haƙoran sama sukan fara girgiɗi ba tare da sun ruɓe ba, ko ganda ta kumbura, har a cire haƙori amma gurbinsa ya ƙi warkewa. Idan ya haura sama, ido yakan yi ta zubar da hawaye, ko ya turo waje, ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Akwai kuma mutuwar fatar kunci, inda mutum zai shafa kumatunsa ya ji kamar ba nasa ba, da daina jin ƙamshi, da kaluluwar wuya wadda ba ta saɓewa. Yawancin masu irin waɗannan alamu ba daji ke damunsu ba, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa.

Wajibi ne majinyaci ya gaya wa likita sana'arsa ko da ba a tambaye shi ba. Tun a shekarar 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, kuma ƙurar fata ma tana cikin wannan rukuni. Wannan ya shafi kafintoci da masu injin yankan katako da dukawa masu goge fata suna ɗinka takalma, kuma ciwon kan bayyana ne bayan shekaru masu yawa, wani lokaci ma bayan mutum ya bar aikin. Shan taba ma yana ƙara haɗarin.

Wanda ya kamata a gani shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake samu a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da kuma cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Zai fesa maganin kashe zafi a hanci, ya zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara domin ya ga ciki, aikin da ba ya wuce 'yan mintuna. Daga nan sai hoton CT, wanda ke nuna yadda ƙashi ya ciwu, da hoton MRI, wanda ya fi bayyana ko ƙarin ya kusanci ido ko ƙwaƙwalwa. Duk da haka hoto ba ya yanke hukunci, sai an gutsiro ɗan nama daga ƙarin an kai ɗakin gwaji. A nan ne mutane da dama ke ja da baya saboda maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi sai ya bazu. A ganina babu abin da ya fi wannan magana cutar da majinyata, domin jinkiri ne ke ba ciwon damar yaɗuwa, kuma in ba a san irin ƙwayoyinsa ba babu yadda za a zaɓi maganin da ya dace. Bayan sakamako ya fito ne ake faɗin matakin da ciwon ya kai, daga na 1 zuwa na 4.

Ga yawancin nau'o'insa, tiyata ce ginshiƙin magani. Ƙaramin ƙari ana iya cire shi ta ƙofar hanci ba tare da an tsaga fuska ba, amma wanda ya yi nisa yakan tilasta a cire wani sashe na ƙashin muƙamuƙin sama tare da haƙoransa, sannan a ƙera wa mutum wani murfi mai kama da haƙoran roba wanda zai toshe gandar domin ya iya ci da magana. Bayan raunin ya warke sai a shiga gashi da na'ura, galibi kwana 5 a mako har tsawon mako 6 zuwa 7, wani lokaci a haɗa da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Ana yin gashin a wurare kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuwa cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara shi a 2021. Tun da kullum ake zuwa, ya kamata iyali su shirya masauki da guzuri tun kafin a fara, saboda tsinka gashin a tsakiya yana rage amfaninsa ƙwarai.

Kafin gashi a ga likitan haƙori ya gyara ko ya cire duk haƙorin da ya lalace, domin cire shi daga baya na iya hana ƙashi warkewa. A lokacin gashin baki yakan bushe ya yi gyambo, ɗanɗano ya gushe, don haka a yawaita abinci mai laushi kamar kunun gyaɗa da fate da ƙwai da madara, a guji yaji da taba, a kuma riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Bayan an kammala magani za a ci gaba da zuwa asibiti, da farko bayan 'yan watanni kaɗan, daga baya a riƙa tsawaita tazarar har aƙalla shekara 5, kuma duk wani sabon haɓo ko kumburi ko sauyin gani da ya bayyana a tsakani a kai shi ga likita ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.