Kek ɗin tuffa da kabewa: wuraren da Turancin girki ke kayar da mu

Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin kakar Turai da Amurka, YouTube da Facebook kan cika da girke-girken kek na tuffa da kabewa. Mu ma nan Jos kaka ce, ga kabewa jibge a Farin Gada, tuffa kuma ba ta yankewa a Terminus. Sai uwargida ta ɗauko waya ta bi girki daki-daki, ta zuba ƙwai da bota masu tsada, amma abin da zai fito ko yara sai an lallashe su. Yawanci hannunta lafiya lau yake, a wurin karatun aka yi ɓatan kai.

Na farko, cokali. Turawa suna taƙaita sunan ƙaramin cokali da tsp, babba kuma tbsp. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ƙaramin mililita 5 ne, babban 15. In girki ya ce ƙarami ɗaya na gishiri ko kirfa kika sa babba, kin ninka sau uku ke nan. Kofinsu ma ba kofin shayin maigida ba ne, na Amurka wajen mililita 240 yake ci. Ki sayi cokulan awo, ba su kai kuɗin kiret ɗin ƙwai ba.

Sai bakin soda da bakin fauda (baking soda da baking powder, masu sa kwaɓi ya kumbura), waɗanda wasu masu shago ma kan miƙo miki ɗaya a madadin ɗaya. Soda ta fi ƙarfi kusan sau uku, kuma ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami, kamar nono ko ruwan lemun tsami. In babu tsami a kwaɓin, kek zai yi duhu, ya riƙa ɗanɗanon sabulu a maƙogwaro. Ita fauda da tsaminta take tafe. Kuma a Jos sai an ƙara kula, don garin yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga saman teku. Iskar nan ba ta da nauyi kamar ta Legas, shi ya sa kwaɓi ke saurin kumbura ya taso kamar abin arziki, kafin ya nuna kuma tsakiyarsa ta lotsa. Ki ɗan rage faudar daga yadda aka rubuta, kada kuma ki cika gwangwani ya wuce kashi biyu cikin uku.

Wanda ya fi sa kunya shi ne na fiya. Abin da Bature ke kira pear, wato fiya, ɗan'uwan tuffa ne, mai zaƙi da ruwa. Mu kuma da an ce fiya, mai ƙaton ƙwallo a ciki muka sani, wadda ake shafa wa burodi. Akwai wadda ta yanka irin tamu ta jera a kan kek ta kai wa dangin miji, ga shi zafin wuta kan sa ta yi ɗaci. Surukarta ta gutsura ta ce, “Sannu da ƙoƙari, ’yar nan,” ta ajiye. In ba ki samu ta Turawan ba, tuffa ta wadatar. Haka kabewa: in kika faɗi sunanta na Turanci, pumpkin, a kasuwa, mai kayan miya na iya ɗaure miki ganyen ugu.

Zafin obin kuma, in kin ga 350, awon Amurka ne, daidai da kusan 180 a namu. Yawancin obin ɗinmu a 250 suke tsayawa, sai mutum ya murɗa har ƙarshe yana ganin bai ma kai ba. Waje ya ƙone, ciki ɗanye.

Shi kansa ɗan itacen yana da nasa hali. Tuffa tana baƙi da an yanka, ki matsa mata lemun tsami. Ki yanka ta ƙanana ki barbaɗe ta da fulawa kafin ta shiga kwaɓi, in ba haka ba duk za ta nutse ƙasan gwangwani. Kabewarmu ruwa gare ta, gara a turara ta a kan a dafa, a murƙushe a tsane a rariya. In da tukunya da yashi kike gashi, ki bar yashin ya yi zafi sosai tukuna, kada ki buɗe murfi sai ƙamshi ya tashi, sannan ki soka tsinken sakace a tsakiya ki ga ko zai fito a bushe.