Yadda Ake Maimaita Umarni da Madauki Mai Ƙirga a Harshen Python

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Gujungu lokacin da ake loda hatsi a mota ya san cewa aikin ɗan dako iri ɗaya ne daga buhun farko har na ƙarshe, lambar da mai kaya yake ƙirgawa ce kawai take sauyawa. Haka madauki mai ƙirga yake aiki a shirin kwamfuta: ana rubuta umarni sau ɗaya, a faɗa wa na'ura inda za ta fara ƙirga da inda za ta tsaya. Za mu gwada shi da Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma wanda ba shi da kwamfuta yana iya amfani da manhajar Pydroid 3 a wayar Android.

Da farko, ka tantance aikin da kuma sau nawa za a yi shi. A ce matan wani ƙauye suna zubin adashe, kowace tana zuba naira 2,000 duk mako har mako 12, ana son ganin abin da mace ɗaya ta zuba a ƙarshen kowane mako. Sai ka rubuta:

jimla = 0
for mako in range(1, 13):
    jimla = jimla + 2000
    print(mako, jimla)

Kalmar mako ita ce maƙirgi, wato mai riƙe lambar da ake ƙirgawa, tana farawa daga 1, tana ƙaruwa da ɗaya a kowane zagaye. Layuka biyun da aka tura ciki da tazara huɗu su ne ake maimaitawa, domin da wannan tazarar Python take gane abin da ke cikin madauki. Kada ka manta da ɗigo biyun da ke ƙarshen layi na biyu.

A nan ne ya kamata ka natsu, domin nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Mun rubuta 13 alhali makonni 12 ne, saboda range, wadda take ba da jerin lambobin da za a ƙirga, ba ta haɗawa da lambar ƙarshe, tana tsayawa kafin ta kai gare ta. Idan ka rubuta 12, jimlar za ta tsaya a 22,000 maimakon 24,000, kuma na'urar ba za ta yi maka wani gargaɗi ba, zubin mako guda ne zai salwanta shiru. A ganina wannan kuskuren ya fi wanda ke tsayar da shiri haɗari, tunda a harkar kuɗin jama'a irin wannan giɓin ne yake haddasa zargi tsakanin maƙwabta. Haka kuma layin jimla = 0 dole ya kasance a waje, domin idan ya shiga ciki, kowane zagaye zai share lissafin baya, jimlar ba za ta taɓa wuce 2,000 ba.

Idan zubin duk bayan mako biyu ne, sai ka ƙara lamba ta uku, wato tsawon taku: range(2, 13, 2) za ta ba ka 2, 4, 6 har 12. Don ƙirga daga sama zuwa ƙasa kuwa, range(12, 0, -1) ake rubutawa.

Kafin ka yarda da sakamakon, rage zagayen zuwa uku, wato ka sa 4 a madadin 13, ka lissafa da biro a takarda, sannan ka kwatanta layin farko da na ƙarshe da abin da allon wayarka ya nuna. In sun dace, ka mayar da 13 wurinta.