Masu kai yara kallon Hawan Daushe a Bauchi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda Sallah ta matso, ga shawarata ga iyayen da za su kai yara ƙofar fada.

Ku rubuta lambar wayarku a 'yar takarda, ku sa wa kowane yaro a aljihu. A cikin cunkoson nan da ƙarar kakaki da tambura, ko kun ƙwala masa kira ba zai ji ba. Ku fita da wuri, ku riƙe ruwa da hula, kada ku tsaya a bakin hanyar da dawakai ke sukuwa lokacin jahi. Doki idan ya ɗauko gudu ba ya tsayawa nan take. Jarirai kam gara a bar su gida, saboda ƙarar 'yan bindiga.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu su yi kallo su dawo ba su san me suka gani ba. Ku nuna musu 'yan lifidi da 'yan sulke, ku ce kayan yaƙi ne na da. Ku bambanta musu algaita da kakaki, da dogarai masu ja da kore. Ku gaya musu Malam Yakubu ne ya kafa masarautar nan bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Mai Martaba Rilwanu Sulaiman Adamu yana kan karaga tun 2010.

In akwai dattijo a gidan da ya san tawagar hakimai, don Allah ku tafi da shi, ya riƙa faɗa musu wane ne ke wucewa.