Fizibil ya ƙone a gidan rediyo: kurakuran da aka fi yi

A ƙananan gidajen rediyon FM na yankin Tawa, da injin watsa shiri ya ɗauke aka tarar fizibil ne ya ƙone, wato ɗan zaren nan cikin gilashi da ke tsinkewa ya kare injin in wuta ta yi yawa, sai ka ga an warwaro zaren waya an naɗa a gurbinsa. Shiri ya dawo, darakta ya yi murna. To, an kori mai gadi ke nan. Nan gaba transisto ne zai ƙone, a zauna jiran wani daga Yamai ko daga waje. Mai amfe 10 a gurbin mai amfe 5 ma duk kanwar ja ce.

Kafin ka sauya shi, ɗaga shi a haske. Idan gilashin ya yi baƙi ƙirin, gajeren haɗi ne, wato wuta ta samu hanyar wucewa kai tsaye: auna diyod-diyod ɗin da ke miƙar da wuta, da baristan da ke tare tsawa, don da damina shi yakan fara mutuwa. Idan kuwa zaren ne kawai ya narke a tsakiya, gilashi na nan garau, lodi ne ya yi yawa a hankali. Injin da ke jan wat 1500 yana shan kusan amfe 7 a bolt 220. Wuta ta faɗi zuwa 180, sai ya haura 8. Haɗa da zafin Afrilu da ƙurar da ta toshe fanka, ka ga dalili.

Dubi harafin da ke jikin fizibil ɗin. T mai haƙuri ne, yana jure fizgar da kondansata, masu tara caji, ke yi lokacin kunnawa. F nan take yake tsinkewa. Haka disjonkta, makunnin da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa: mai C yana faɗuwa a ninki 5 zuwa 10 na ƙarfinsa, mai D sai 10 zuwa 20. In yana faɗuwa wajen kunnawa kawai, nau'insa za a duba, ba girmansa ba. Mai miliamfe 30 kuwa ran mutum yake karewa idan wuta ta zurare, wannan adadin ba ruwansa da lodi.

Ɓangaren batir da sola kada a sa fizibil ɗin wutar gida. Wutar gida tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa. Ta batir ba ta yin haka, sai ta ci gaba da ci.

Kuma ko an zare soket, manyan kondansata suna riƙe da bolt sama da 300. Auna tukuna, ka sauke cajin ta rezista, mai rage gudun wuta, kafin ka sa hannu.