Yadda ya kamata mu zaɓi dattijon ikkilisiya a nan Sakkwato

'Yan'uwa cikin Kristi, in lokacin zaɓen dattawa ya matso a majami'arku, kafin kowa ya fara kiran suna sai a buɗe 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9 a karanta ma jama'a da Hausa, ko da Lahadi biyu ne a jere. Za ku lura kusan duk abin da manzo Bulus ya lissafa hali ne, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓan baƙi, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, ba mai son kuɗi ba, iyawa ɗaya tak ya nema wato iya koyarwa. Babu digiri a ciki, babu wanda ya fi ba da baiko ko wanda ya sayo ma coci janareta.

To daga nan sai a duba gida. Yaya yake da matarsa, yaransa suna sakin jiki in ya shigo ko kowa ya kama kansa? Uwayenmu na zumuntar mata sun fi kwamiti sanin wannan, a tambaye su cikin hikima ba da sigar gulma ba.

Amma abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne 1 Timoti 3:7, inda aka ce sai yana da kyakkyawar shaida wurin waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba. A garin nan maƙwabcinka Musulmi ne, mai gidan hayarka Musulmi, abokin cinikinka a babbar kasuwa Musulmi, kuma da yawansu ba za su taɓa jin wa'azin fasto ba, abin da suka sani game da mu shi ne yadda Baba wane yake biyan bashi da yadda yake gaisuwa da ko yana zuwa ta'aziyya in an yi rasuwa a unguwa. Don haka a saurari abin da ake faɗi a kansa a shago da ofis, in mai shagon layinsu ya ce mutumin kirki ne baya cin amana to wannan shaida ce babba, in kuma kowa ya san shi da rigima kan kuɗin haya ko faɗa wajen ɗiban ruwa, gaskiya a dakata ko da ya fi kowa iya addu'a. Ranar da wata matsala ta taso tsakaninmu da maƙwabta shi ne za a tura wurin mai unguwa, kuma mutuncinsa ne zai sa a saurare mu.

Sabon tuba kam a bar shi ya girma tukuna, Bulus ya hana. Haka wanda aka turo aiki kwanan nan daga Jos ko Zuru ko kudancin Kaduna, a nemi takardar shaida daga ikkilisiyar da ya fito, a ba shi lokaci a san shi. Kuma don Allah a daina lissafin ƙabila, wai bara namu bai shiga ba.

In suna ya fito, fasto ya zauna da mutumin da matarsa ya faɗa masu nauyin aikin ba ɓoye-ɓoye. Kiwo ne, kamar yadda 1 Bitrus 5:2-3 ta ce, ba mulki ba. Shi za a kira tsakar dare in wani na kwance a asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo ya je ya yi addu'a bisa Yakubu 5:14, shi zai sasanta ma'aurata ya riƙe sirri, ya leƙa ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da ba su da kowa a gari. In ya ce ba zai iya ba kar a matsa masa.

Ranar zaɓe a haɗa da azumi da addu'a yadda Bulus da Barnaba suka yi a Ayyukan Manzanni 14:23, ba kamfe a bayan majami'a. Bayan an naɗa shi kuma a tsara tun farko cewa baiko mutum biyu ko uku ke ƙirgawa su sa hannu, sannan duk wanda ya kawo ƙarar dattijo sai ya zo da shaidu biyu ko uku kamar yadda 1 Timoti 5:19 ta tsara, kafin kwamiti ya zauna a kai.