Darasi na Bakwai: Jiƙon Karan Dawa Don Rage Ciyawa

Manomin da ya saba sanya ido a gonarsa ya san cewa inda aka bar karan dawa ya ruɓe, ciyawa ba ta fitowa da ƙarfinta. Dalili kuwa shi ne dawa tana ɗauke da wasu sinadarai a saiwarta da karanta da ganyenta, waɗanda suke danne ƙananan tsirrai. Masanin tsirrai Hans Molisch ya yi rubutu a kan yadda wani tsiro yake tasiri a kan wani tun 1937, daga baya kuma masana a Jami'ar Aikin Gona ta Faisalabad da ke Pakistan suka fesa jiƙon karan a gonakin alkama, suka tarar ciyawa ta ragu, ko da yake ba ta ƙare ba.

Haɗa shi ba wuya. A samo busasshen karan dawar da ta nuna, a daddatse shi ƙanana kamar gaɓar yatsa, a zuba kilo 1 cikin ruwa lita 10, a danne shi da dutse don kada ya taso, a bar shi awa 24. Washegari za a ga ruwan ya yi ja kamar shayi. A tace shi da kyalle mai tsabta har sau biyu, domin ɗan tsinke guda ya isa ya toshe bakin injin feshi.

Lokacin feshi shi ne abin da ya fi muhimmanci, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asarar wahalarsu. Jiƙon yana aiki ne a kan ciyawar da ba ta wuce ganye biyu zuwa huɗu ba. Wadda ta riga ta yi saiwa mai zurfi kuwa, sai fartanya. A fesa sa'ad da iska ta kwanta kuma babu hadari, a saita bakin injin tsakanin layuka, domin abin da ya raunana ciyawa yana iya taɓa ƙaramar shuka, musamman kayan lambu masu ƙananan iri.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya ware kunya biyu, ya fesa ɗaya ya bar ɗaya. Bayan kwana 10 ya ƙirga ciyawar da ke cikin taku ɗaya na kowace kunya, ya rubuta adadin a littafinsa, ya zo da shi aji.