Ƙwayar HPV da Hannu: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Ba da daɗewa ba bayan sauka a Ingila ko Amurka, za a fara jin sunan HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka galibi ta hanyar jima'i kuma wasu nau'o'inta ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ko a takardar makarantar yara ko a wasiƙar asibiti. Tambayar da ake yawan yi a ɓoye ita ce: ko hannu na iya kai ta al'aura?

Yana iya yiwuwa, amma da wuya. Wani bincike da aka yi a kan masoya maza da mata a Montreal ta Kanada, wanda aka wallafa a 2019, ya gano ƙwayar a hannun mutane da dama, har a ƙarƙashin farce. Sai dai galibi daga al'aura ta hau hannun, ba daga hannun ta sauka can ba. Babbar hanyarta ita ce haɗuwar fatar al'aura da ta abokin kwanciya, ko da ba a kai ga saduwa ba. Shi ya sa kwaroron roba yake rage haɗari amma ba ya kawar da shi, don bai rufe dukkan fata ba. Musabaha kuwa, a ci gaba da yi.

Nau'o'inta sun haura 200. Masu fitar da ɗan tsiro a yatsa daban ne da nau'i mai lamba 6 da mai lamba 11 masu fitar da shi a al'aura, daban kuma da mai lamba 16 da mai lamba 18 da ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Man goge hannu mai alkohol ba ya kashe ta sosai, gara sabulu da ruwa.

Inda sababbin zuwa suka fi yin sake shi ne rajista. A Ingila mace mai shekara 25 zuwa 64 ba za ta sami gayyatar gwajin bakin mahaifa ba sai tana da rajista da likitan unguwarta, wato GP, kuma adireshinta na yanzu yana wurinsu. An sauya gida ba a sanar ba, wasiƙa ta tafi wani wuri. Yara maza da mata ana yi musu rigakafi a makaranta suna 12 zuwa 13. Takardar amincewa ta zo, a sa hannu. A Amurka ana farawa a 11 ko 12, wanda ya makara yana da dama har shekara 26.

Idan gwaji ya nuna akwai ta, kada a ɗaga wa miji ko mata hankali da zargi. Tana iya kwanciya shekaru ba alama, kuma kusan tara cikin goma jiki ne ke kawar da ita cikin shekara biyu. A dai koma gwajin da aka sa rana.